Wace irin liba ce ta dace da taya mai taurin baki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar taya domin kekena na gwanjo mai rim na alminiyam, kuma tun jiya nake fama da ita ta ƙi shiga. Gefe ɗaya ya zauna lafiya, amma ɗayan ya tsaya da saura kamar taƙi guda. Libar roba biyu, wato abin ɗaga bakin taya, sun karye a hannuna, da na koma ga sukudireba kuma sai na huda sabon tiyub a wuri biyu. Shin in nemi libar ƙarfe irin ta masu facin babur, ko akwai wadda ta fi dacewa?

Tsohon mai faci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka kashe kuɗi, duba cikin rim ɗin da kyau, za ka ga tsakiyarsa akwai kwari wanda ya fi gefuna zurfi. Bakin taya yana da waya a ciki wadda ba ta miƙewa, saboda haka sararin da kake nema daga wannan kwarin kaɗai zai fito. Ka fara sakawa daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul, kana matse bakin tayar da yatsu yana faɗawa tsakiya, ka bi da hannu biyu hagu da dama har ka ƙare a wajen bawul, domin shi ne yake hana baki sauka cikin kwarin. Ka ba tiyub iska kaɗan yadda zai yi siffa, ka shafa ruwan sabulu a inda ya rage. Sau da yawa tafin hannu ma ya isa.

Mai keken tsere:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so a duba lambar da ke jikin tayar tukuna. Tayar 700C tana da lamba 622, ta inci 27 tana da 630, ta tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix mai 28 x 1½ kuwa 635 ce, kuma abin da ke rikita mutane shi ne ana rubuta inci 28 a kan 622 ɗin ma. Idan lambar tayar ta gaza ta rim, babu libar da za ta shigar da ita. Game da zaɓin liba kuwa, ni na fi son ta roba mai faɗi da siririn baki, irin ta kamfanin Pedro's, domin siraran nan masu arha su ne suke karyewa. Ta ƙarfe tana kankare alminiyam, kuma tana cizon tiyub.

Tsohon mai faci:
A rim ɗin ƙarfe na tsohon keke ban ga laifin libar ƙarfe ba, matuƙar an goge bakinta ya yi santsi. A naka dai ka bar ta. Idan liba ta zama dole, ka riƙa ɗaga faɗin yatsa biyu kawai na bakin tayar a kowane karo, kada ka tura ta can ciki inda tiyub yake.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode ɗan'uwa. Lambar 622 ce a taya da rim duka. Na matse bakin cikin kwarin kamar yadda aka ce, ya shiga da liba ɗaya da ta rage mini. Yanzu saura facin tiyub ɗin da na huda.