"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" da kalmar chivalry ta Turawa

Ɗan Zazzau: Idan namiji ya ƙi tashi ya bar wa mace kujera a jirgin ƙasa, Turawan Ingila sukan ce chivalry ta mutu. A ganina abin da suke kukan rashinsa shi ne abin da karin maganarmu ya ƙunsa, wato mai ƙarfi ya sunkuya wa wanda bai kai shi ba, ƙimarsa kuma ba ta ragu ba.

Malam Na-Rano: Ɗan Zazzau, ban goyi bayanka ba. Kalmar daga Faransanci ta fito, inda cheval ke nufin doki, chevalier kuma mahayinsa, kuma tun farko baraden sulke take nufi da ƙa'idojin da suke bi a tsakaninsu. Barden da ya miƙa wuya akan tsare shi a karɓi fansa, amma talakan da ke yaƙi a ƙasa ba ya samun wannan rangwame, domin ba shi da mai fansarsa. Ko a tsakanin baraden ma, a yaƙin Agincourt na 1415 tsakanin Ingila da Faransa, Sarkin Ingila Henry na Biyar ya sa an kashe fursunonin Faransa. Wada ba ya cikin wannan lissafi.

Hajiya Mai Littafi: Allah ya gafarta Malam, kalma ba ta tsufa inda aka haife ta. A 1790 Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya, ya rubuta cewa zamanin chivalry ya wuce, saboda ba a zare takubba an kare Sarauniyar Faransa Marie Antoinette ba a lokacin juyin juya halin ƙasar, kuma lokacin da jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna Birkenhead ya nutse a 1852, sojojin da ke ciki sun tsaya aka fara fitar da mata da yara. Yau kare mai rauni take nufi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan muka daidaita maganganun biyu, mace ce ta zama wadan.

Malam Na-Rano: Kin yi gaskiya, Hajiya. Ban da haka, mu mukan kawo wannan karin magana ne idan babba zai ba ƙaninsa haƙuri don a kashe rigima, ko idan mutum zai ƙasƙantar da kansa gaban yaron ofis don bukatarsa ta biya. Mai durƙuson yana da abin da yake nema, sojojin Birkenhead kuwa yawancinsu a ruwan suka ƙare.