Karena yana ta kaɗa kai, yaya ake share masa kunne?

Mai Gadin Zariya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da karen gadi a gidana da ke unguwar Zariya a nan Maradi, irin dogon nan mai siririn ciki da kunnuwa a rataye. Tun da ruwan Agusta ya kankama yake kaɗa kai, yana sosa kunnen hagu da ƙafar baya har sai ya yi kuka. Jiya da safe na ɗaga kunnen, na tarar da baƙin datti kamar garin gawayi, ga ɗan wari, bakin kunnen kuma ƙudaje sun cinye shi har ya yi ɓawo. Wani maƙwabcina ya ce in ɗiga masa kananzir, wani ya ce baƙin man mota. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kafin in taɓa shi.

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kananzir da baƙin mai ƙona fatar cikin kunne suke yi, don haka ka manta da su. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne: yana gangarawa ƙasa tukuna, sannan ya karya kwana ya nufi dodon kunne. Shi ya sa wanda ya zura tsinken auduga ƙara cusa dattin yake yi cikin lungun da hannu ba ya kaiwa.

Idan kunnen lafiya yake, ana sayen ruwan wankin kunne a kantin maganin dabbobi, a ɗaga kunnen a zuba, a murza gindinsa a hankali na kamar daƙiƙa 30 har a ji ruwan yana motsi, sannan a bar karen ya girgiza kai da kansa. Abin da ya fito sai a goge shi da auduga a yatsa, iya inda yatsan ya tsaya. Amma naka tunda akwai wari da ciwo, kada ka zuba komai sai likita ya leƙa ya tabbatar dodon kunnen bai huje ba. Baƙin dattin nan yakan fito daga wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta ne da danshi ya haifar. Maganinsu daban-daban ne, madubin likita ne ke bambance su.

Tsohon Mafarauci:
Ɗana, maganar ƙudaje ni zan ba ka ita. Da damina nakan wanke bakin kunnen da ruwan ɗumi, in tsane shi, in shafa basilin mai kauri yadda ƙuda ba zai sami wurin cizo ba, kuma a kwashe kashi daga inda aka ɗaure karen kowace safiya. Ka duba lungunan kunnen saboda kaska, a kama ta daf da fata a cire. Kafin ka taɓa wurin ciwo, ka ɗaure masa baki da ƙyalle, domin ko karen da ka raina yakan kai cizo idan ya ji zafi.

Hajiya ta Bagalam:
Malam, kada ka yi jinkiri irin nawa. Namu ya yi ta kaɗa kai na ce zai wuce, sai wata safiya muka ga ganyen kunnen ya kumbura suntum, da taushi kamar an cika shi da ruwa. Ashe jijiya ce ta fashe, jini ya taru tsakanin fata da guringuntsi. Sai da aka tsaga aka ɗinke, kuma har yau kunnen a lanƙwashe yake.

Mai Gadin Zariya:
Na gode, Allah ya saka. Gobe da safe zan kai shi wurin likita in sha Allahu. Akwai kyanwa a gidan da ke kwana kusa da shi, ita ma a duba ta?

Malamin Dabbobi:
A tafi da ita. Idan ƙwarin nan ne, suna tsallakawa tsakanin kare da kyanwa, kuma kada a sa mata maganin kare sai likita ya ce, domin wasu magungunan ƙwari na karnuka suna kashe kyanwa.