Tambaya kan besbol: mi ya sa aka maido mai gudu tasha ta ukku?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare muna shan shayi ƙofar shago, ƙanena ya nuna min bidiyo a talho, wasan besbol na Amurka, Boston da Tampa Bay na Oktoba 2021. Ɗan Tampa ya buga balo ta daki katanga ta dawo ta taɓa jikin ɗan Boston ta haure waje, abokinshi da ke tasha ta ɗaya kuwa ya kwasa da gudu, da ya isa gida (wurin da ake cin maki bayan an zagaya tasha ukku) ba ko tantama, amma alƙalai sunka ce ya tsaya ta ukku. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Wanga ba zalunci ba ne?

Na Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Doka ce ɗan'uwa. In balo ta faɗi cikin hili sannan ta yi tsalle ta hita, wasa ya tsaya, mai bugu da duk wanda ke kan tasha ana ba su tasha biyu biyu daga inda suke lokacin da aka jeho ma mai bugu balo, komi gudun mutum. Haka in ta taɓa mai tsaro ba da gangan ba ta hita. Shi ne kake ji masu sharhi na cewa giraund rul dabul. A wasan da ka gani, Kiermaier ya buga, abokinshi Yandy Díaz aka tsaida, a zagaye na 13, kuma Boston ta ci 6 da 4.

Malam Isa Zariya:
Gyara kaɗan Na Mokoyo, sunan da ake kiranta da shi ba daidai yake ba. Wagga doka ta ko'ina ce, sunanta otomatik dabul. Giraund rul na ainihi dokar hili guda ce. Misali Wrigley Field a Cikago, katangarsu duk ganye ya lulluɓe ta kamar yadda garahuni ke hawa darni, in balo ta maƙale ciki mai tsaro ya ɗaga hannuwa sama, a ba da tasha biyu, in ko ya sa hannu yana lalube to wasa na ci gaba.

Ɗan Bagalam:
Na gode Malam, na gane. Amma ni har yanzu ina ganin tunda jikin ɗan Boston ta taɓa, ya kamata a bar alƙali ya auna inda mai gudu zai kai.

Malam Isa Zariya:
Mutane da yawa sun faɗi haka a lokacin. Ai dokar ma ta taɓa canzawa, har 1930 balo mai tsalle ta hita hom ran ake ƙirga ta, watau mai bugu da duk wanda ke kan tasha su wuce gida kai tsaye.