Madubin likitan kakana: in goge shi ko in bar shi yadda yake?

Jikan Malam:
Salamu alaikum. Da muke rabon kayan marigayi kakana, ni aka ba wani akwatin katako da kowa ya raina. Madubin likita ne a ciki, wato na'urar duba ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, mai ido ɗaya. Gindinsa baƙin ƙarfe, bututunsa tagulla, ga ɗan madubin da ake juyawa ya kamo hasken rana. An rubuta E. Leitz Wetzlar a jiki, da lamba. Kaka ya yi aikin duba jinin masu ciwon barci a wajajen Anchau tun zamanin Turawa. Ina so in ajiye shi a falo. Hajiyarmu ta ce toka da lemun tsami za su fito da shi fes. Me kuka gani?

Tsohon Ma'aikacin Lab:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka kusance shi da toka! Masu ƙera shi sun shafa wa tagullar wani siririn banish, shi ke ba ta ruwan zinaren nan. Ka kankare shi, zai yi ƙyalli sati biyu ya dushe, darajarsa kuma ta tafi ke nan. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Abin da na fi ji maka shi ne gilasan. Haska su da tocila. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, damshin damina ke kawo ta, kuma tana cin gilashi. Na rasa guda biyu haka a wani asibitin da na yi aiki, don an kulle su a kabad shekara da shekaru.

Ummu Hanan:
Wetzlar gari ne a Jamus, kamfanin Leitz ɗin ne kuma ya yi kyamarar Leica. Lambar nan a jere suke bayar da ita, da ita za ka gano shekarar ƙira. A Leiden ta ƙasar Holan na ga madubin Leeuwenhoek, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar, a gidan tarihin Boerhaave, bai kai tafin hannu ba, gilashi ɗaya tal, amma da irinsa ya ga ƙwayoyin bakteriya a 1676. Ka rubuta tarihin Kaka a kati ka ajiye a gefe.

Jikan Malam:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na haska, ɗaya daga cikin gilasan na da zaren. Baba, yana fita ko ya riga ya ci?