Kawuna ne ke turo labaran ƙarya na siyasa a guruf ɗin dangi, yaya zan yi?

Tela na Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma ni ke riƙe da guruf ɗin WhatsApp na danginmu. Mun kai mu saba'in, wasu a Nima, wasu a Tamale, har da na Jamus. Domin suna da biki da rasuwa aka buɗe shi, amma lokacin kamfen ɗin 2024 ya koma filin daga.

Ana saura kwana uku zaɓen 7 ga Disamba, Kawu, yayan mahaifiyata, ya turo wata murya mai minti huɗu. Wani ne da bai faɗi sunansa ba, yana rantsuwa wai an shirya 'yan daba a rumfunan zaɓe na mazaɓarmu ta Asawase, duk mai sunan Hausa za a ce masa ba ɗan Gana ba ne. A saman saƙon ga kibiyoyin nan biyu, alamar ya sha yawo kafin ya iso gare mu. Innarmu mai hawan jini ta ƙi leƙa ko ƙofar gida ranar. Ni na je, na bi layi, na dangwala, ba wanda ya tambaye ni asalina. Daren ƙidaya kuma ya sa hoton takardar sakamako ta wata rumfa, an goge lambobin an sake rubutawa. Ƙannena biyu, ɗaya ɗan jam'iyyar NDC ɗaya ɗan NPP, suka yi ta zagin juna a kanta, har yau gaisuwarsu sama-sama ce.

Yanzu ya sake farawa, tun zaɓen 2028 bai matso ba. Mutumin nan shi ya saya mini keken ɗinkina na farko. Ba zan iya cire shi ba, ba kuma zan iya ƙaryata shi gaban 'ya'yansa ba. Me zan yi?

Hajiya Mai Koko:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka taɓa shi a cikin guruf. Ka sayi goro ka same shi gida bayan la'asar. Kuma kafin ka ga laifinsa, ka tambaye shi shekara nawa yake da ita a 1969. Ina 'yar shekara tara lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Da idona na ga maƙwabtanmu suna ɗaure tabarmi da tukwane a kan babbar mota, wasu a nan aka haife su. Duk wanda ya ga wannan, in aka ce masa za a sake, ba ya tsayawa bincike, gabansa ne ke faɗuwa. Masu haɗa irin muryoyin nan sun san inda miki yake, shi suke fama duk shekara huɗu. Ka bar shi ya ba ka labarinsa tukuna, sannan ka gaya masa abin da ya sami Inna.

Ɗan Nima:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Ƙaryar a gaban mutum saba'in aka faɗe ta. In aka gyara a zaure, sauran sittin da tara fa? Yaya Tela, ba sai ka ambaci Kawu ba. Ka rubuta cewa ka duba ba ka sami tushen labarin ba, ka ɗora abin da masu tantance labarai irin su GhanaFact ko Dubawa suka gano in sun bincika shi. Sakamako kuwa Hukumar Zaɓe kaɗai ke bayyanawa. Ko Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na NPP, ya amsa shan kaye tun safiyar 8 ga wata, ya kira Mahama na NDC ya taya shi murna, alhali mu a waya muna ta cin mutuncin juna.

Ka kuma sanar da su akwai doka. Sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960 ya hana yaɗa labarin ƙarya mai jawo firgici, kuma an sha kama mutane da shi. A zaɓen 2020 an rasa rayuka a Techiman, ba wasa ba ne.

Malam na Sawaba:

Duk biyun ka haɗa. Ka kafa ƙa'ida a kan kowa, har da kai: muryar da mai ita bai faɗi sunansa ba, ba ta shiga. Mai riƙe da guruf yana iya goge saƙon kowa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in labari ya zo, don kada mu cuci mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Dattijo ba zai yi musu da wannan ba. Amma kada ka hana siyasa ɗungurum. Maganar kwata da fitilun titi da aikin yi ga samarin Zango, in ba mu yi ta ba wa zai yi mana?

Tela na Aboabo:

Na gode ƙwarai. Jiya na je da goron. Hajiya, kin yi gaskiya, shekararsa goma sha ɗaya lokacin, kuma amininsa na makarantar allo a motar nan ya tafi, bai sake jin ɗuriyarsa ba. Da na kawo maganar Inna ya yi shiru ya daɗe. Bai ce ya daina ba. Ya dai ce in ya samu saƙo zai fara turo mini ni kaɗai in duba. Da asuba ya turo guda uku, ina kan na biyu yanzu.