Neman kalma: me za mu kira adverse outcome pathway?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Asabar da safe ina da shiri a rediyo kan baƙin lallen da ake haɗawa da dayis, tunda Sallah ta matso. Baƙuwata likitar fata ce, kuma ta dage sai ta bayyana abin da suke kira adverse outcome pathway. Masana a Amurka suka tsara shi a 2010, OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ta rungume shi a 2012. "Hanyar mummunan sakamako" na rubuta, amma ta ƙi zama a bakina.

Anti Mai Kimiyya: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, cire hanya. Mai sauraro zai zaci ƙofar da guba ke bi ta shiga jiki ake nufi. Ɗauki lallen nan: sinadarin PPD da ke cikin dayis ya ratsa fata ya manne wa furotin, ƙwayoyin fata su harzuƙa, ƙwayoyin garkuwa su kai labari kaluluwa, can masu yaƙin jiki su hayayyafa. Sai a ƙunshi na gaba a ga ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburi. Wannan ya jawo wancan. Kuma sinadarai da yawa jerin nan ɗaya suke bi, shi ya sa ake iya gwada yawancin gaɓoɓin a ɗakin bincike ba tare da gwaji a kan ɓera ba. Ni "silsilar illa" nake ce wa ɗalibaina, don kowace gaɓa sai da hujja, kamar isnadi.

Malam Na Goron Dutse: Silsila Larabci ce. Har yaushe za mu dinga aro? Na daɗe da ƙirƙiro "gwadaben ta'adi", kuma ita ce Hausa.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ta'adi ma ai daga Larabci take. Kuma gwadabe hanya ce, mun koma inda Anti ta hana.

Malam Na Goron Dutse: Yaro, tun kafin a haife ka nake fassara. Ku 'yan jami'a sai ku zauna a ofis ku yanke mana harshe, ba ku taɓa tambayar marina a Ƙofar Mata me suke cewa ba. Wannan abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Anti Mai Kimiyya: Baba, a yi haƙuri, ba wanda ya raina aikinka. Amma ta'adi na nuna ganganci, sinadari kuwa ba shi da niyya.

Ɗan Fagge: To "sarƙar illa" fa? Kowace mace a Kantin Kwari ta san sarƙa, ta san idan zobe ɗaya ya ɓalle ta tsinke. Mataki na farko a ce "mafarin illa".

Malam Na Goron Dutse: Sarƙa ta fi silsila. Ban ce ta fi gwadabe ba.

Anti Mai Kimiyya: A rediyo na yarda. A takarda ina nan kan silsila, domin wasu gaɓoɓin suna yin rassa su haɗu da na wata illar, sarƙa kuwa a miƙe take.

Mai Shirin Lafiya: Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan ce sarƙar illa, likita ta faɗi sunan Turancin sau ɗaya. Saura key event, wato kowane babban mataki a cikin jerin. Gaɓa ko zobe?

Malam Na Goron Dutse: Zango.