Wai ɗan Ireland ne ya ƙirƙiro jirgin ƙarƙashin teku?

Malam Garba: Jama'a, ga abin mamaki. Jirgin ƙarƙashin teku da sojojin ruwan Amurka suka ba lamba ɗaya, aikin wani malamin makaranta ne ɗan Ireland, John Philip Holland. An haife shi a 1841, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1873, aka sayi jirginsa a Afrilun 1900 kan dala 150,000. Ni dai a wurina shi ne ya ƙirƙiro jirgin.

Usman: Allah ya gafarta Malam, ƙirƙira fa babbar kalma ce. Tun wajen 1620 Cornelis Drebbel ɗan ƙasar Holan ya nutsar da nasa a kogin Thames, da filafili ake tuƙa shi. A 1864 kuma, a yaƙin basasar Amurka, jirgin ƙarƙashin teku mai suna Hunley ya nutsar da jirgin yaƙi Housatonic, lokacin Holland ko Amurka bai taka ba.

Injiniya Bala: Usman, Hunley ɗin mutum bakwai ne ke murza farfelarsa da hannu, kuma daren da ya kai harin bai dawo ba. Abin da Holland ya warware biyu ne. Na farko ƙarfi: a saman ruwa injin fetur ke jan jirgin yana cajin batura, in za a nutse a kashe shi don kada ya cinye iskar ciki, motar lantarki ta karɓa. Na biyu daidaito, kuma nan ne gwanintar take. Tankunan ruwansa ko dai cike maƙil ko wayam, babu rabi. Tanki rabi, da hanci ya ɗan sunkuya ruwan zai kwararo gaba, nauyi ya bi shi, sai ga jirgi ya kafa kai ƙasa. Sannan yakan bar jirgin da ɗan saurin tasowa, fikafikan baya ne ke danna shi ƙasa yana tafiya. Mota ta mutu, da kansa zai taso.

Hajiya Rabi: To Injiniya, ina ka ajiye jirgin da Isaac Peral ɗan Sifaniya ya ƙera a 1888? Da jirgin Narval na Faransa, 1899? Shi ma inji biyu gare shi.

Injiniya Bala: Na Peral batir zalla ne, Hajiya, in ya ƙare sai an koma tasha. Narval kuwa injin tururi ne, kafin a kashe wuta a rufe bututun hayaƙi a nutse sai an ci kusan minti 20. Abokan gaba ba za su jira ka ba.

Hajiya Rabi: Fetur ɗin ma ai ba lafiya ba ce. Tururinsa na bugar da ma'aikata, tartsatsi ɗaya ya tada gobara, ruwan teku ya taɓa batir ya fitar da iskar kulorin mai guba. Shi ya sa aka koma dizal. Kuma gangar jiki mai ruɓi biyu da aka yi ta bi daga baya ta Narval ce.

Malam Garba: Abin dariyar ma, 'yan Fenian masu son korar Ingila daga Ireland ne suka biya kuɗin jirginsa na 1881, Fenian Ram. Shekara ashirin bayan nan Ingilar ce ke ƙera jirage biyar da zanensa a garin Barrow.

Usman: Na ji, Malam. A ce ya gyara ya haɗa, na sa hannu. Ƙirƙira kam ban saya ba.